Yadda Ƙaramin Ma'aikaci Kan Sami Yardar Manya da Kuɗin Aiki



An nemi in yi magana a kan yadda ƙaramin ma'aikaci zai shawo kan manyan wurin aikinsa su amince da wata dabara tasa, har su saki kuɗin aiwatar da ita. Nan da shekara ɗaya ko biyu, mafi yawanmu za mu zauna a ƙaramin tebur a wani kamfani ko ma'aikata, shawara tana kanmu, makullin asusu kuwa yana aljihun wani. Don haka na zaɓi in kawo muku labarin wani injiniya ɗan ƙasar Japan, Shuji Nakamura, wanda aikinsa ne tushen farin hasken da ke cikin tocilanmu da wayoyinmu.

A shekarar 1979 Nakamura ya kama aiki a kamfanin Nichia, a garin Anan da ke tsibirin Shikoku, nesa da Tokiyo. Ƙaramin kamfani ne a wancan lokaci, sana'arsa kuwa yin hodar fosfo, wato sinadarin da ake shafawa cikin doguwar fitilar lantarki da gilashin talabijin don su ba da haske. Ya shafe kusan shekara goma a sashen bincike. Duk abin da aka ce ya ƙera ya ƙera shi, sau da yawa da kayan aikin da ya harhaɗa da hannunsa, amma kayan ba su yi kasuwa ba, domin manyan kamfanoni sun riga sun mamaye ta.

A lokacin akwai ƙananan fitilun nan da ake kira LED, ja da kore, amma an kasa samun shuɗi mai haske, alhali kuwa sai da shuɗi za a iya haɗa farin haske. A 1988 Nakamura ya tafi kai tsaye wurin Nobuo Ogawa, wanda ya kafa kamfanin a 1956, ya nemi abu biyu: kuɗin da zai nemo shuɗin, da izinin tafiya Amurka na shekara guda don koyon injin da ake aikin da shi. Dattijon ya amince. Aka ware masa kimanin dala miliyan 3, ya tafi Jami'ar Fulorida.

To, me ya sa mai kamfani ya ba da wannan maƙudan kuɗi ga mutumin da bai taɓa kawo riba ba, ba shi ma da digirin dakta? A ganina, shekarun nan goma su ne suka yi masa magana. Ogawa ya bambance tsakanin gazawar kasuwa da gazawar ma'aikaci, ya kuwa ga cewa ba a taɓa ɗora wa yaron nan aiki ya ajiye shi a hanya ba. Bugu da ƙari, Nakamura bai je da kuka ba. Ya je da buƙata mai iyaka, ga kuɗi kaza, ga lokaci kaza, ga abin da za a nema. Kana ya je wurin wanda in ya ce "na yarda" maganar ta zauna. Mu ɗalibai mun fi ba da ƙarfi ga iya tsara takarda da zaƙin baki. Babba kuwa, kafin ya karanta shafin farko, ya riga ya tambayi kansa ko wane ne wannan, me ya taɓa gamawa.

Sai dai in yi wa 'yan'uwa ma'aikatan gwamnati tuni. Nichia kamfanin iyali ne, mai shi ya san ma'aikatansa. Wanda ya tsallake shugaban sashensa ya miƙa takarda ga babban sakatare, takardar neman ba'asi zai tarar a teburinsa kafin a tashi aiki. A ofis fayil yana da hanyarsa, kuma kowane tebur da ya bi yana iya kashe shi.

Yanzu ga inda labarin ya fi ba da tsoro. A 1989, shekarar da Nakamura ya dawo, shugabancin kamfanin ya koma hannun Eiji Ogawa, surukin dattijon. Ga shi kuma Nakamura ya zaɓi sinadarin galiyam naitirayid, alhali yawancin masana sun raja'a ne ga wani dabam, zink selenayid. Kuɗi na fita, ba a ga komai ba. A cewar Nakamura, an sha aiko masa da umarni a rubuce cewa ya dakatar da aikin, shi kuwa ya yi kunnen uwar shegu da su. A 1990 ya gyara injin nasa ta yadda iska ke shiga ta hanyoyi biyu, a watan Nuwamba na 1993 kuma kamfanin ya ba da sanarwar samun shuɗin LED mai haske. A 1996 aka lulluɓe shuɗin da hodar fosfo mai ba da rawaya, farin haske ya samu, wato tsohuwar sana'ar kamfanin ce ta cika sabuwar.

Kada kowa ya fita daga zauren nan ya ce na ba shi shawarar bijire wa shugabansa. Da shuɗin bai fito ba, da kora ce makomar Nakamura, da kuma ba wanda ya san sunansa. Abin dubawa shi ne, yardar da ya samu tana rataye ne a wuyan mutum ɗaya, kujera na sauya hannu ta fara girgiza. A wurinmu kuwa canjin wurin aiki da ritaya ba su da sanarwa. Saboda haka ranar da babba ya amince, a ranar ya kamata amincewar ta shiga fayil da sa hannunsa, kuɗin ya sami gurbi a kasafi, akanta ya san da zamansa. Ya fi kyau kuma a nemi kuɗin kashi-kashi, kowane kashi da abin da za a nuna a ƙarshensa, domin wanda ya gaji kujerar ba ya cikin ɗakin ranar da aka yi alkawari, abin da ya gani a takarda kawai zai yi aiki da shi. Mataimakin shugaba da muke rainawa yau, mai yiwuwa shi ne zai sa hannu a kan kashi na biyu.

Akwai kuma batun da ba a yanke tun farko ba, wato rabon wanda ya yi aikin. Ladan da aka ba Nakamura a kan ƙirƙirar tasa yen 20,000 ne, bai kai dala 200 ba. Ya bar kamfanin a 1999 ya koma koyarwa a Jami'ar Kaliforniya da ke Santa Barbara, a 2001 kuma ya shigar da ƙara. Kamfanin ya kafa hujja da cewa kuɗinsa ne aka kashe, aikin kuma na ma'aikata da yawa ne. A 2004 wata kotu a Tokiyo ta ce a biya shi yen biliyan 20. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, aka sasanta a 2005 a kan kimanin yen miliyan 840. A 2014 aka ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks tare da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano.

Shugaba, nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.