Baiko Daga Rumbun Talaka

Karatu: 2 Korantiyawa 8:1-5, 16-21, 1 Korantiyawa 16:1-4



Sau da yawa idan aka yi shelar baiko a majami'a, mukan ce a zuci, bari masu albashi su bayar, mu manoma me muke da shi? To, bari mu dubi 'yan'uwanmu na Makidoniya, ƙasar da Filibi da Tasalonika suke. Manzo Bulus yana tara gudummawa domin matalautan masu bi na Urushalima. Su mutanen Makidoniya kuwa suna cikin tsanani da baƙin talauci. Duk da haka su ne suka roƙa a bar su su sa hannu, domin taimakon mutanen da ba kabilarsu ɗaya ba. Me ya ba su wannan zuciya? Sun riga sun miƙa ransu ga Ubangiji. Wanda ya ba da kansa, ba zai yi rowar mudun dawa ba.

Akwai abu uku da za mu koya.

Na fari, mu keɓe tun da wuri. Bulus ya umarci Korantiyawa kowa ya riƙa ajiye wani abu a ranar farko ta mako, daidai da samunsa. Mu ma idan kaka ta yi, kafin mu rufe rumbu, mu fitar da rabon Ubangiji: acca ko gero, doya ko kaza. Idan muka jira sai abin ya ragu, ba zai ragu ba.

Na biyu, mu tuna wanda yake jira. Akwai mai bishara a ƙauye da ya yi watanni babu albashi, yaransa suna gida saboda kuɗin makaranta. Akwai gwauruwa, akwai iyalin da rikici ya kora daga gonarsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan muka riƙe hannu, su ne za su kwana da yunwa.

Na uku, maganarmu da ku ce, dattawa da ma'aji. Bulus bai yarda ya riƙe kuɗin nan shi kaɗai ba. An aiki Titus tare da waɗansu 'yan'uwa biyu, ɗayansu ikilisiyoyi ne suka zaɓe shi, domin kada a sami abin zargi. Saboda haka a ƙirga baiko gaban shaidu, a rubuta, a karanta rahoto gaban jama'a. Inda ake ɓoye lissafi, zuciyar masu bayarwa takan yi sanyi.

'Yan'uwa, gonar ta Allah ce, ruwan sama nasa ne, mu masu riƙon amana ne kawai. A daren nan miji da mata su zauna tare da yara, su shirya abin da gidansu zai keɓe kafin Lahadi.

Ubangiji ya ba mu zuciyar bayarwa da murna. Amin.