Bulala ta fita daga aji: me zai maye gurbinta?

Jama'a, iyaye da malaman lakkol na Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela.

A da, in uba ya kai ɗansa lakkol, ya danƙa shi ke nan ga mushe, har da iznin duka. Yaron da aka zane a aji ba ya kai ƙara gida, domin ya san wata bulalar tana jiransa a zaure. Dattawa kan ce: ka ƙi naka duniya ta so shi.

Yau magana ta sake. Tun 1981 ma'aikatar ilimi ta aika wa makarantu takardar hana dukan yara. A 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin yara, Nijar kuma ta karɓe ta a 1990. Taron ƙasa na 1991 ya koya wa talaka tambayar mai iko dalilinsa. Uban da ya saba tuhumar minista ba zai yi shiru ba in ɗansa ya dawo da shatar dorina a baya.

Sai dai an karɓe bulala daga hannun malami ba a ba shi komi a madadinta ba. Aji ya cika maƙil, malaman kwantaragi da dama sun shiga aiki ba tare da isasshen horo ba. Wani ya ci gaba da duka a ɓoye, wani ya zuba ido. Malami na cewa iyaye sun sangarta ƴaƴansu, iyaye na cewa malami ya yi sakaci.

Yaro ne ke asara. A nan bakin iyaka, wanda ya tsani aji ba ya rasa wurin zuwa: ga sayar da fetur a kwalba a bakin hanya, ga kabu-kabu, ga dakon albasa a Galmi. Duka na korarsa, sakaci ma na korarsa.

Masu kafa hujja da addini su tuna cewa Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (S.A.W.) hidima shekara 10, bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba.

Mafita tana hannun kwamitin iyaye da malamai da ake kira COGES. A zauna a farkon shekara, a tsara horon da kowa ya yarda da shi: sharar fili, ƙarin aikin rubutu, kiran uba gaban darakta. Ɗan kasuwa ya rufe shago awa guda ya amsa kiran, ma'aikaci ya bar biro ya zo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma hannun da ya matsa da yawa karya shi yake yi.

Allah ya shirya mana zuri'a.