Haƙuri, Guzurin Mai Zuwa Ƙauye

Jawabinmu na yau ya samo asali ne daga wata takarda da wani mai sauraronmu ya aiko mana daga Dubai. Mutumin Maraɗi ne, Kirista, yana aikin gadi, yana kuwa kwana a Muhaisnah, watau unguwar nan ta gefen birni wadda ma'aikata baƙi suke kira Sonapur, inda dubban leburori daga Indiya da Pakistan da sauran ƙasashe suke zaune a gidajen kamfanoni.

Ya ce shekara biyu ya yi yana tara kuɗi da kwanakin hutu. Da ya je gida sai ya shiga ayarin samari shida na majami'arsu, suka tafi ziyarar kwana goma wurin ƙananan ikkilisiyoyin ƙauyukan da ke arewa da Maraɗi. Ƙauyuka biyar suka yi niyya, uku kaɗai suka sami zuwa. Damina ce, mota ta kafe, suka kwana biyu suna jiran ruwa ya janye. Inda suka isa kuwa, kowa yana gona sai la'asar sakaliya, kafin dattawa su gama gaisuwa da tambayar mutan gida, magariba ta kawo jiki. Wa'azi 12 ya shirya a littafinsa, 3 ya yi. Ga tambayarsa: "Ashe ban yi asarar hutuna ba?"

To, malam, kafin mu amsa maka, bari mu waiwayi waɗanda suka riga ka bin irin wannan hanya.

A watan Disamba na 1893 wasu samari uku suka sauka Ikko da nufin kai bishara ƙasar Hausa da maƙwabtanta: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Shekara ba ta zagayo ba sai da biyu suka rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida, ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai a 1902 ƙungiyarsu, wadda daga baya aka sani da SIM, ta sami kafa mazauninta na fari a Pategi, bakin Kwara. Ba ta isa Damagaram ba sai 1924, asibitin Galmi kuma sai 1950.

Haka nan Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS. Sai da ya je Tarabulus ya koyi Hausa wurin mazauna can tukuna. A 1900 ya shiga Kano tare da Bishop Tugwell, amma Sarki Alu ya sallame su bayan 'yan kwanaki. Ya zauna Zariya daga 1905, yana magani, yana koyarwa, yana fassara. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda shi ne ƙashin bayan aikinsa, bai fito ba sai 1932. Ka ga kuwa wannan ya wuce lissafin kwana goma.

Amma kada a ɗauka haƙuri shi ne a naɗe hannu ana ƙirga shekaru. Misali mafi kyau yana ƙasarku ta Maraɗi. A farkon shekarun 1980 wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo Nijar ƙarƙashin SIM, aka ɗora masa aikin dashen itatuwa. Ya yi ta dashe, mafi yawa suna mutuwa: rana ta ƙona, iska ta binne da rairayi, awaki su cinye saura. Wata rana a 1983, yana kan hanyar ƙauye da motarsa cike da dashe, ya tsaya rage iskar taya saboda yashi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a gefen hanya. Da ya duba da kyau sai ya ga ashe toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Gonakin nan da ya ɗauka hamada ce, cike suke da irin waɗannan kututture, manoma suna sassabe tohonsu kowace bazara. Abin da ake bukata kawai a zaɓi reshe mafi ƙarfi, a rage saura, a kiyaye shi ya girma.

Ko da ya gane haka, aiki bai ƙare ba. A yunwar 1984 manoma da yawa sun yarda sun bar itatuwa a gonakinsu saboda taimakon abinci, da abincin ya ƙare kuwa akasarinsu suka sare. Waɗanda suka bari ne suka ga amfanin: itacen girki, abincin dabbobi, da gero da ya daina shan dukan iska. Daga nan manomi ya riƙa koya wa manomi, har masana suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. An ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a 2018.

Ka lura fa, bai ga kututturen nan ba sai da tafiyarsa ta tsaya. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, makanta irin wannan kuwa ba ta warkewa sai da zama. Mai zuwa da littafi cike da wa'azi yakan zaci shi ne ya kawo dashe. Alhali ikkilisiyar ƙauye, ko mutum goma sha biyar ne a rumfar kara, tana nan tun kafin zuwansa. Akwai mai bishara da ke noma gonarsa da hannunsa, yana zaman lafiya da maƙwabtansa Musulmi, ana haɗuwa a suna da jana'iza. Akwai matan zumunta da ke tara gero kwano kwano domin gwauruwa. Su ne za su ci gaba da sujada ranar Lahadi bayan ƙurar motarku ta kwanta.

A ƙarshen takardarka ka ambaci wani abu a taƙaice, kamar ba kome ba ne. Ka ce a kwana biyun da ruwa ya tsare ku, ka bi wani dattijo gona, ka riƙe masa hauya, shi kuwa ya ba ka labarin ɗansa da ya tafi Libiya neman kuɗi, shekara uku babu labari, ya kuma tambaye ka yadda kuke kwana da abin da kuke ci a baƙunci. Ka ce ranar ba ka yi wa'azi ba. Mu dai a ganinmu, ranar ce ka yi abin da ya kai ka, domin tsohon nan ya daɗe yana neman wanda zai yi wa wannan tambaya.

Saboda haka amsarmu ita ce, ba ka yi asara ba. In Allah ya kai mu wani hutun, ka je da rani bayan an gama kaka, ka rage yawan ƙauyukan, ka ƙara yawan kwanakin, ka kuma fara da gidan dattijon nan, ka ji ko an sami labari.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.