Bayan Digiri na Farko: Ina 'Ya'yanmu Masu Karatun Wasan Kwaikwayo da Waƙa Za Su Dosa?

Jawabin kwamitin ilimi a taron shekara-shekara

 

Kwamitin ilimi ya saba tsayawa gabanku da maganar likitanci da aikin injiniya da na gona. Bana mun zo da batun da wasu za su ga bai isa a tara dattawa a kansa ba. Dalili kuwa shi ne, bayan taron bara wani uba ya ja mu gefe ya ce ɗansa ya gama digiri a fannin wasan kwaikwayo, ya yi hidimar ƙasa, yanzu yana neman kuɗin digiri na biyu, alhali shi uban kunya ta hana shi faɗa wa ko da ƙanensa abin da yaron ya karanta. Ya ce, "Malam, in biya masa ko in buɗe masa shago?" Ranar ba mu ba shi amsa ba. Yau muka kawo ta.

Bari mu fara da kunyar. A nan Wurno Nana Asma'u ta zauna, kuma da waƙoƙin da ake rerawa jajinta na 'yantaru suka riƙa kai ilimi ga matan ƙauyuka. Ba muna cewa aikinta wasan kwaikwayo ba ne, ko kusa. Muna nuna cewa isar da saƙo da murya mai daɗi ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Haka kuma Wasan Marafa, ɗaya daga cikin wasannin Hausa na farko da aka buga, ɗan lardin Sakkwato ne ya rubuta shi, wato Abubakar Tunau. Akwai ɓarna a harkar, ba mu musa ba, amma wace sana'a ce babu ita?

Abin da ya fi muhimmanci iyaye su gane shi ne, digiri na biyu a wannan fanni iri biyu ne. Akwai na nazari, inda ɗalibi zai yi karatu da bincike ya rubuta kundi, ƙarshensa koyarwa ko aikin bincike. Akwai kuma na ƙwarewa a aikace, inda ake horar da murya da jiki da tsara wasa a kan dandamali, irin wanda a Amurka ake kira MFA. Mafi yawan abin da jami'o'inmu suke bayarwa na nazari ne. Yaron da burinsa hawa dandamali, in ya shiga na nazari ba da saninsa ba, zai ɓata shekara biyu ko uku yana jin haushin littafi, kuɗin ubansa kuma sun bi ruwa. Saboda haka kafin a tambayi yaro wace jami'a, a fara tambayarsa wane aiki yake son yi da takardar.

Idan wayar da kan jama'a ne, Zariya ce uwa. A 1975 aka soma koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ƙarƙashin Michael Etherton, aka gina zauren wasanni na ƙasa bisa fasalin ginin Hausa. Abin da ya fitar da sunan wurin shi ne ɗalibai ba su tsaya cikin zauren ba. Sukan shiga ƙauye su zauna da manoma, su ji damuwarsu, su shirya wasa tare da su a kan damuwar, bayan an gama a zauna a tattauna. Wanda ya ƙware a wannan, hukumomin lafiya da gidajen rediyo da ƙungiyoyin raya karkara suna da buƙatarsa, mu ma muna da ita.

Mai son fim ya duba Jos, inda jami'ar take da sashen wasan kwaikwayo da fim, ga kuma makarantar koyon aikin fim ta ƙasa. Ko Jami'ar Bayero, wadda masana'antar finafinan Hausa take a ƙofarta. Mai son nazarin waƙar baka kuwa ba sai ya yi nisa ba. Sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya ishe shi, ya kwana gidan kawunsa, ya rage kashe kuɗi. Daga nan Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya fitar da littafinsa a kan Narambaɗa, kamar yadda a Kano Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗan Hausa.

Wasan da ake haɗawa da waƙa da rawa a kan dandamali, wanda yaranmu na birni suke gani a intanet su ƙyasa, gaskiya kasuwarsa a Legas take. Can Bolanle Austen-Peters ta fito da Saro a 2013. Wanda ya nace a kan wannan sai ya haƙura da zaman kudu, ko ya nemi makarantar wasanni ta Jami'ar Gana da ke Legon. Turai da Amurka kuwa sai an ci gwajin murya da na wasa, kuɗin makarantar ma ba na ɗan ma'aikacin gwamnati ba ne. Tallafin Chevening na Birtaniya yana neman shekara biyu ta aiki kafin a nema. Na TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne kawai, kuma daga Janairun 2025 asusun ya dakatar da tura sababbin ɗalibai ƙasashen waje. Kada wani dillali ya karɓi kuɗinku da alkawarin baki.

Jama'a, muna da wani dalili da ya shafe mu kai tsaye. Tun harin Tabanni na 2018 da na kasuwar Goronyo na 2021, kowa ya san yadda dare ya koma a karkararmu. Kalankuwa da kiɗan gayya da wasannin dandali sun ja baya, tsofaffin da suka haddace waƙoƙin niƙa da na daɓe sun watsu a garuruwa, suna mutuwa da abin da ke kansu. Ƙamus ɗin kaɗe-kaɗen Hausa da manazarta suke dogaro da shi, Turawa biyu ne, David Ames da Anthony King, suka wallafa shi a 1971. Ɗan Tursa ba ya buƙatar tafinta, kuma gwaggonsa ba za ta ɓoye masa waƙa ba.

Don haka kwamiti yana roƙon wannan taro ya sanya ɗaliban wannan fanni cikin masu cin tallafin ƙungiya, bisa sharaɗi. Ɗalibi ya kawo takardar shiga makaranta, ya faɗi sunan malamin da zai duba kundinsa, ya kuma nuna cewa ya karanta wani abu da malamin ya rubuta, domin a wannan mataki malami ake bi, ba sunan jami'a ba. Wanda bincikensa ya shafi Rabah ko Wurno ko Goronyo a ba shi fifiko, shi kuma ya ajiye wa ƙungiya kwafin kundin da na muryoyin da ya ɗauka. Uban da ya tambaye mu bara yana cikin zauren nan. Muna roƙonsa ya turo mana yaron bayan sallar la'asar.