Wa ke yi wa mai ɗaukar gawa gaisuwa?



A watan Fabrairun 2016 wata bas da ta taso daga Kumasi za ta zo Tamale ta yi karo da motar tumatir kusa da Kintampo, mutum fiye da 50 suka rasu. A Maris 2019 aka sake yin wani mummunan haɗarin a wannan yanki. To, ku tambayi kanku: kafin motar asibiti ta iso, su wa suka fara sa hannu? Mutanen gefen hanya ne: matasan gari, direbobi, manoma da 'yan sa-kai. Haka abin yake a Buipe da Savelugu da Walewale. Haka kuma idan an buɗe madatsar ruwan Bagre, kogi ya cika ya shiga gonaki, masu kwalekwale ke fara tsamo mutane kafin jami'an NADMO su zo.

A ƙaramin gari kuwa, wanda ka ciro daga cikin mota ba lalle baƙo ba ne. Wataƙila abokin makarantar allonka ne.

Bayan jana'iza kowa sai ya nufi gidan mamaci. Ana sadakar uku, ana ta bakwai, amma wanda ya ɗauki gawar da hannunsa, "sannu da ƙoƙari" kawai yake samu. Ya koma gida barci ya gagara. Ƙamshin fetur ya tuna masa da wurin. Ya daina cin nama, ya riƙa faɗa da iyali ba dalili. Wasu su kama shan tiramadol. Idan ya yi magana, a ce masa, "Kai ba namiji ba ne? Ka yi haƙuri."

Jama'a, haƙuri bai hana neman magani ba. Wannan raunin zuciya ne, likitoci sun san shi, kuma ba ƙarancin imani ba ne. Gaskiya ne manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na Ghana, wato Accra da Pantang da Ankaful, duk a kudu suke. Amma akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tamale, ana kuma samun ma'aikatan jinya na wannan fanni a asibitocin gundumomi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ma kula da mutum a cikin jama'arsa ta fi ba ƙarfi.

Ga abin da za ku iya yi. Ku je ku gaishe shi kamar yadda ake gaida masu makoki. Kada ku matsa masa ya ba da labari, kada kuma ku nuna masa hotunan haɗarin a waya. In ya fara magana, ku saurara. Shugabannin 'yan sa-kai su ba shi hutu. Idan wata guda ya wuce barcin bai dawo ba, ku raka shi asibiti. Idan ya ce ya gaji da rayuwa, a ranar za ku kai shi, kada ku bar shi shi kaɗai.

Malamai da limamai, a huɗubar Juma'a ku sa su a addu'a. Allah ya saka musu da alheri, ya tsare mana hanyoyinmu.