Attajiran Jamus Da Mulkin Hitila: Jawabi Ga 'Yan Kasuwa

Mun gode muku da kuka rufe rumfunanku kuka zo.

A kan ji wasu suna cewa, mu dai a ba mu shugaba mai ƙarfi, ya rufe bakin kowa, kasuwa ta tafi daidai. To, ga labarin wata ƙasa da ta gwada haka, ku auna da kanku.

Hitila ya zama shugaban gwamnatin Jamus a watan Janairu 1933. Kada mu ɗora wa attajirai abin da ba su yi ba: kafin wannan lokaci yawancinsu wasu jam'iyyu suke ba kuɗi, suna ganin Hitila ɗan tasha ne. Amma da ya hau, sai suka juya. Ran 20 ga Fabrairu 1933 aka tara manyan masu masana'antu a gidan Goring, na hannun daman Hitila. Akwai Gustav Krupp mai ƙera igwa, akwai mutanen kamfanin IG Farben. Aka nuna musu cewa zaɓen da ke tafe shi ne na ƙarshe har shekaru masu yawa. Ba su tashi sun fita ba. Aka yi karo-karo, IG Farben kaɗai ya ba da mak 400,000, wato kuɗin Jamus.

Me suka saya da kuɗin nan? Ran 2 ga Mayu 1933 aka fasa ofisoshin ƙungiyoyin ƙwadago, aka kama shugabanninsu, aka kwashe dukiyarsu. Yajin aiki ya ƙare. Gwamnati ta naɗa jami'anta su yanke albashi, suka danne shi. Daga 1935 aka ba ma'aikaci wani littafi wanda ba ya samun aiki sai da shi, kuma yana hannun maigidansa. Ga kwangilar makamai tana zuba kamar ruwan Agusta. IG Farben kuwa, a Disamba 1933 gwamnati ta yi masa alkawarin farashin man fetur da yake yi daga gawayin kwal, don kada ya faɗi.

Yanzu ku kasa kunne, 'yan kasuwa, nan ne naku. Masu ƙananan kantuna da masu sana'ar hannu suna cikin waɗanda suka fi jefa wa Hitila ƙuri'a. Tun 1920 jam'iyyarsa ta rubuta cewa za ta karɓe manyan kantuna ta raba wa ƙananan 'yan kasuwa haya da araha. Da aka hau mulki fa? An dai hana buɗe sababbin kantuna, an share musu hawaye da wannan. Amma a cikin 1933 ɗin nan, da babban kantin Tietz ya kusa durƙushewa, Hitila ya yarda aka ba shi rancen miliyoyi ya miƙe. Masu shi Yahudawa ne, aka kore su, bankuna suka riƙe, aka sa masa suna Hertie. Mai tebur bai sami ko kusurwa ba. Daga 1939 kuma hukuma ta shiga rufe ƙananan shagunan da ta ce ba su da amfani, ana tura masu su masana'antar makamai ko soja.

Kada ku zaci attajiran sun zama iyayen gidan Hitila. Wanda ya yi kiwon kura, ya san abin da ke jiransa. Hugo Junkers mai ƙera jiragen sama bai ba da kai ba. A 1933 aka tsare shi a gida, aka tilasta masa sakin kamfaninsa, ya mutu a 1935. A 1937 masu narkar da ƙarfe suka ƙi aiki da taman Jamus don ba shi da kyau, ba riba. Goring ya kafa kamfanin gwamnati a Salzgitter da sunansa, ya kuma sa su zuba kuɗi a ciki. Fritz Thyssen, wanda ya daɗe yana ba Hitila kuɗi tun yana neman mulki, ya ƙi yarda da yaƙi, ya gudu a 1939. Aka ƙwace dukiyarsa, aka kamo shi daga Faransa, ya ƙare a sansanin tsare mutane. Saura suka gani, suka yi shiru, suka ci gaba da ƙirga riba.

Kuma ribar ta kai su inda ba a zato. Daga 1941 IG Farben ya gina masana'anta kusa da Auschwitz. Yana hayar fursunoni daga hannun dakarun SS, mak 3 a yini ga lebura, mak 4 ga mai sana'a. Kuɗin na SS ne, fursuna ba ya ganin ko anini. Wanda ƙarfinsa ya ƙare a mai da shi a kashe, a kawo wani. Dubban mutane suka hallaka a wurin.

Bayan yaƙi an yi shari'a a Nuremberg. A 1948 aka sami shugabannin IG Farben 13 da laifi, wanda ya fi shan ɗauri shekara 8 aka ba shi. Alfried Krupp, ɗan Gustav, aka yanke masa shekara 12 tare da ƙwace dukiyarsa. A 1951 hukumar Amurka da ke Jamus ta sake shi, aka kuma mayar masa da dukiyar. Sai a 1959 kamfaninsa ya yarda ya biya wasu Yahudawa da suka yi masa aikin bauta suka tsira da rai, kowane mutum bai wuce mak 5,000 ba.

Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu. Wassalam.