Majanyina na Farko: Jawabin Wata Mamba a Taron Cikar Shekarar Ƙungiya

 

Kun san ni da tiren kayan miya, ba da masaƙa ba. To ga yadda aka yi. A shekarar 2021, lokacin da gwamnatin Katsina ta dakatar da sayar da dabbobi a kasuwanni saboda matsalar tsaro, aka kuma yanke layin waya a Batsari da Safana da maƙwabtansu, kasuwa ta mutu murus. In mai akuya bai sayar ba, da me zai sayi daddawa? Na zauna gida ina cin jari.

Ran nan na shiga wurin Goggo, na tarar da masaƙarta jingine da bango, ƙura ta rufe ta. Na ce, "Goggo, ki koya mini." Ta yi dariya ta ce, "Ke da ba ki iya zama wuri ɗaya?"

Ga waɗanda ba su taɓa gani ba, masaƙar mata daban take da ta maza. Namiji yana saƙa ƙyalle siriri mai tsawo, sai an haɗa da ɗinki. Tamu a tsaye take, itace sama, itace ƙasa, a naɗa zaren tsaye a kansu, ƙyallen kuma ya fito da faɗinsa. Da ita iyayenmu suka yi gwado da majanyi. Su har audugar da kansu suke gurzawa, su shiɓe, su kaɗa da mazari. Ni zaren kasuwa na saya.

Kwana biyu na yi ina naɗa zare. Wani ya yi tauri, wani ya saki, Goggo ta sa na kwance duka. Da na fara saƙar, sai na riƙa jan abawa da ƙarfi, wai don ta yi ƙwari. Ashe gefen ƙyallen nake shaƙewa. Da na sauke majanyin, tsakiyarsa ta tsuke kamar kalangu, ga ramuka inda na tsallake zare. Wallahi sai da na yi hawaye, don kuɗin zaren daga jarina ya fito.

Goggo ta ce kada in jefar. Ta nuna mini yadda ake barin abawa ta ɗan kwanta kafin a buga, da yadda ake ƙirga zare. Sai na tuna ranar da na fara rubuta sunana a ajin yaƙi da jahilci, baƙaƙen duk a karkace. Da koyo akan iya. Na huɗu da na saƙa, shi jikata ke goye da shi yau.

Roƙona ɗaya ne. Tsofaffin da suka iya wannan aiki a Darini sun kusa ƙarewa, kuma ba a rubuce yake ba, a hannunsu yake. Mu ware wani abu daga asusunmu mu sayi zare, kowace tsohuwa a haɗa ta da mata biyu, a riƙa ba ta ɗan hasafi. Ranar da hanya ta rufe, wadda ke da sana'ar cikin gida ba za ta ci jarinta ba.

Ga karkataccen majanyin nan na zo da shi, kowa ta taɓa ta gani. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka.